ABIN DA MUNKA JIYO TAWA: LACCAR TARIHIN ADAR DA KALACIN RANA A JAMI'A

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, mushen lakwal, ya yi gaban taron ƴan asalin Garhanga. Mun buga shi yadda ya faɗe shi don waɗanda ke wurin biɗa su samu. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.)

 

Iyayena dattawa, malamai da alhazai, uwayena mata, shugaban ƙungiya da ƴan biro, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina gaida waɗanda sunka taso daga gida, da waɗanda sunka zo daga Tawa da Yamai, da ƴan uwanmu da takardar ga za ta iske Abijan, Legas, Kano, Agadas, Aljeriya ko Libiya. Allah shi ba kowa abin da ya fita nema, shi maido ku gida lafiya.

Ku yi mani gafara tun farko. Ba al'adarmu ba ce yaro shi tsaya gaban iyayenshi shina ba su labarin zamanin da. Shugaba ne ya ce tunda ni na riƙe kaye da bik ranar da munka je jami'a, to ni zan maido ma taro abin da munka jiyo. Na karɓa don biyayya. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na karkace ga dattawan da munka tafi tare, su gyara mani.

YADDA TAFIYAR TA KASANCE

Kun san ƙungiya ta daɗe tana son a samu masani shi yi mamu bayanin tarihin ƙasarmu ta Adar. Ɗiyanmu da ke karatu jami'ar Tawa su ne sunka yi ta kai da kawo har anka samu wani malami masanin tarihi daga Yamai ya yarda, anka ara mamu zaure guda cikin jami'a. Ƴan uwanmu mazauna Tawa kuma sunka haɗa kuɗin kalaci. Allah shi saka masu da alheri.

Mu 18 munka tafi, dattawa 6, mata 3, sauran matasa. Cikin dattawan akwai waɗanda sun sha zuwa Tawa kasuwa ko asibiti, amma ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba. Ita jami'ar an kafa ta a 2010, daga baya anka sa mata sunan Djibo Hamani. Ku riƙe sunan ga, don shi ne malamin da ya rubuta babban littafi bisa tarihin Adar kafin zuwan Nasara, anka buga shi Yamai a 1975. Cikin shekarar nan kuma wata Bafaransa mai suna Nicole Echard ta fitar da nata littafi bisa manoman Adar da abin da sunka riƙe na tarihinsu. A 2015 wata malama mai suna Benedetta Rossi, wadda ta daɗe tana bincike yankin Keita, ta fitar da nata da Ingilishi, bisa bauta da aiki da biɗa. Malaminmu ya ɗora littattafan uku bisa tebur kafin shi buɗe baki. Biyu da Faransanci, ɗaya da Ingilishi. Na ga Baba, wanda ya fi mu duka shekaru, shina kallonsu kamar mai kallon rumbun da anka kulle.

Malamin ya fara gaisuwa da Faransanci. Da ya ɗaga kai ya ga rawunna da furfura, sai ya naɗe takardarshi ya koma Hausa, bai sake barinta ba har ƙarshe. Wannan kaɗai ya sa dattawa sunka gyara zama.

ABIN DA MALAMIN YA FAƊI

Zan taƙaita, in bi da ku daki daki yadda ya bi da mu.

Na ɗaya, mutanen farko. Ya ce tun kafin a yi sarautar da anka kira Sarkin Adar, akwai mutane zaune cikin duwatsun ga da kwaruruwan ga, su ne Azna. Masu bincike sun ji daga bakin tsofaffi ana raba su gida biyu: Aznan ramu, waɗanda labarinsu ke cewa daga koguna sunka fito, da Aznan mahalba, waɗanda farauta ta kawo su. Su sunka sari daji, sunka san inda ruwa shike, maƙeransu sunka narka tama daga dutsen ƙasar ga sunka ƙera kwashe da gatari. Ya ja kunnenmu cewa sunan Azna, a bakin masu tarihi, suna ne na mutanen da sunka fara zama ƙasa, kada mu ɗauke shi zagi.

Na biyu, Kabi da Agadas. Ya ce akwai zamanin da ikon sarakunan Kabi, jikokin Kanta, ya kai Adar. Sai a 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya jagoranci yaƙi da Kabi, ya ci nasara, Adar ta koma ƙarƙashin Agadas. Agabba ya gaji ubanshi a 1687, ya yi sarautar Agadas har 1721, sa'ad da anka tuɓe shi. Nan ya komo Adar ya zauna Birnin Adar, daga gare shi gidan Sarkin Adar ya samo asali, gidan da daga baya ya zauna Illela. Tare da mutanen Agabba ne Lisawan sunka shigo, waɗanda sunansu ke haɗe da sarautar Keita.

Na uku, malamai da jihadi. Nan ya faɗi abin da ya sa malamanmu yin kabbara. Ya tuna mamu cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi Maratta a 1754, cikin ƙasar da yau ke jihar Tawa, kuma malaminshi, Malam Jibrila ɗan Umaru, kabarinshi na kusa da Madawa. Jihadi ya tashi a 1804, Alƙalawa ta Gobir ta faɗi a 1808. Bayan haka Adar ta shiga shekaru masu wuya. Sakkwato na kudu, Kel Geres na wajen kudu maso gabas, Iwillimidan na arewa cikin Azawak, kowa na son talaka shi biya shi. Shi ya sa garuruwa da yawa sunka lafe jikin dutsi. Ya ce in kun ga tsohon kufai bisa tudu inda babu ruwa kusa, tsoro ne ya kai mutane can.

Na huɗu, Nasara. A 1898 Faransa da Ingila sunka zauna can ƙasarsu sunka zana da'ira ta mil 100 kewaye da Sakkwato, har Ƙonni da Madawa sunka faɗa wajen Ingilishi bisa takarda. Sai a 1904 da 1906 anka gyara iyaka. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasa tana ƙone-ƙone, ta ɓata Birnin Ƙonni. Zuwa 1901 Nasara na zaune Tawa, cikin shekarar nan kuma sunka karya Kel Geres a Galma, nan ƙasar Madawa. Daga nan sai kanto-kanto, sai lanho, sai aikin dole. An yi tawayen Kawsan a 1916 da 1917. A 1922 Nijar ta zama ƙasar mallaka mai gwamnanta. Aikin dole bai faɗi ba sai 1946. Jamhuriya 18 ga Disamba 1958, ƴancin kai 3 ga Agusta 1960.

Ya ɗauki wajen awa ɗaya da rabi. Da ya gama anka tafa, anka yi salla, anka kira mu kalaci.

WURIN KALACI

To iyayena, abin da ya sa na roƙi shugaba shi ƙara mani lokaci shi ne abin da ya faru wurin cin abinci.

An jera teburori da kujeru, an kawo shinkafa da miya da naman rago, kowa da farantinshi da cokali. Dattawa sunka dubi juna. Sai Baba ya ce shi dai a shimfiɗa mashi tabarma, a kawo mashi ruwan wanke hannu. Ɗiyanmu sunka ruga sunka samo tabarmi, anka juye abinci cikin manyan tire. Malamin da kanshi ya tuɓe takalmi ya sauko ƙasa, ya sa hannu tire ɗaya da dattawa. Wata daga cikin uwayenmu ta fiddo hurar da ta ƙullo daga gida, anka dama, ludayi ya zagaya.

Ana cikin ci, Baba ya ce ma malamin ya ji sunayen sarakuna da na yaƙoƙi, ya kuwa ƙaru, amma bai ji an ambaci Kakalaba ba. Malamin ya ce gaskiya ne, yunwar 1913 zuwa 1914 ce, lokaci ne bai ishe shi ba. Baba ya ce shi bai san lissafin Nasara ba, abin da ya sani mahaifinshi na yaro sa'ad da anka yi ta. Sai ya shiga ba da labari yadda ya ji daga bakin mahaifin: yadda anka riƙa tonon gidan tururuwa ana neman ƙwayar hatsi, yadda mata ke jiƙa anza kwana da kwanaki kafin ɗacinta shi fita, wane gida ne ya tashi ya yi kudu bai komo ba, wace rijiya ce ba ta ƙafe ba, wa ya buɗe rumbunshi, wa ya rufe nashi.

Ina kallo malamin ya janye hannunshi daga tire, ya wanke, ya laluba aljihu ya fiddo ƙaramin kaye. Mutumin da ya yi awa ɗaya da rabi shina karanta mamu, ga shi durƙushe shina rubuta abin da Baba ke faɗi, shina cewa a maimaita mashi sunan rijiyar. Abincinshi ya huce bai koma kanshi ba.

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Wani dattijo ya ba da labarin tafiyarshi Kumasi da yadda anka koro baƙi daga Gana a 1969. Wani ya faɗi yadda sunka baro Legas a 1983 da abin da hannu ya iya ɗauka. Anka tuna farin 1973 da 1974, anka tuna yunwar 1984 da mutane ke kira El Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Uwayenmu mata sunka ce to su fa? Su sunka ɗauki duwatsu bisa kai zamanin Projen Keita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin Italiya, ana biyansu da abinci, har anka tare ruwa bisa fako, anka dasa itatuwa miliyoyi. Wani ya kawo zancen layukan dogon yaro da anka fara dasawa cikin kwarin Majiya, ƙasar Buza, a 1975, don tare iska. Wani matashi da ya komo daga Libiya cikin yaƙin 2011 ya faɗi nashi. Lacca ta ci awa ɗaya da rabi, kalaci ya ci fiye da awa biyu.

Kafin mu tashi malamin ya ɗauko littafin Djibo Hamani ya nuna mamu. Ya ce mu sani, babban rabo na abin da ke ciki daga bakin tsofaffin Adar anka ji shi, gari gari, haɗe da takardun Larabci na Agadas da Sakkwato da na Nasara. Tsofaffin da anka tambaya a wancan lokaci sun riga mu gidan gaskiya. Ya ce littafi na iya riƙe gindin itace da manyan rassa, amma ba shi iya ɗaukar sunan kowace rijiya da kowane kufai da kowace tsohuwa. Wannan aikin masu gari ne.

ABIN DA YA FARU BISA HANYA

Zan faɗi wani abu da wasu sunka so in rufe. Na shawarci shugaba da Baba, sun ce in faɗa, ba tare da sunan kowa ba.

Mun fito Tawa da murna. Ba mu yi nisa ba sai wani cikin mota ya ce, to ai ga shi malami ya tabbatar, su ne Aznan farko, saboda haka fadamar da ake gardama kanta tasu ce tun asali. Wani ya mayar mashi cewa in tone-tone za a yi, to a tono har da wanda kakanshi ya yi ma kakan wani bauta. Mota ta yi tsit. Akwai wani saurayi cikinmu da ake maganar aurenshi yanzu haka, na ga ya sunkuyar da kai, bai ƙara cewa uffan ba har gida. Mutanen da sunka ci tire ɗaya da azahar, kafin magariba ba su iya kallon juna.

Da direba ya tsaya salla, Baba ya tara mu gefen hanya. Ya ce kaza mai yawan tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta. Ya ce malamin bai ambaci gonar kowa ba, bai ambaci kakan kowa ba, mu ne munka ɗauki abin da anka ba mu don ilimi munka wasa shi ya zama wuƙa. Ya sa mutanen biyu sunka ba juna hannu. Sun ba juna, amma ku da ni mun san maganar da ta fita ba ta komawa ciki.

Tun ranar nan nike juya abin. Akwai masu cewa, tunda haka ne, a bar tarihi shi kwanta, abin da ya wuce ya wuce. Ina girmama su, amma ban bi ra'ayinsu ba, ga kuma dalilina. Maganganun da anka jefa cikin mota ba daga lacca sunka fito ba. Suna nan cikinmu tun da daɗewa, ana raɗa su bayan darni, ana fiddo su ranar rabon gona da ranar neman aure. Kowa na riƙe da guntun labarin da ya yi mashi daɗi, ya yar da sauran. Wanda ya san labarin duka shi ne ke sanyi. In ka san Kabi ta yi iko ta wuce, Agadas ta yi ta wuce, Kel Geres sun yi, Nasara sun yi, in ka san yunwa ba ta tambayi asalin kowa ba, kuma duwatsun Proje kan ɗiyar sarki da kan ɗiyar talaka duka sunka hau, to da wuya ka tsaya kana taƙama da abin da ba kai ka aikata ba, ko ka wulaƙanta wani da abin da ba shi ya zaɓa ba. An yi bauta ƙasar ga, gaskiya ne, ɓoye ta ƙarya ne. Amma dokar Nijar ta 2003 ta maida bauta babban laifi, kuma addininmu ya riga ya gaya mamu da me ake fin wani wurin Allah.

LAIFINA NI KAINA

Kada ku ce mushe ya zo shina ma mutane wa'azi. Ni ne na farkon masu laifi.

Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina koya ma ɗiyanku daular Songai da ta Borno da Faransanci, suna haddacewa don jarrabawa. Ban taɓa ce masu su je gida su tambayi kakanninsu wa ya gina rijiyar da suke sha ba. Kakana na wajen uba ya yi Kumasi shekaru, shina cikin waɗanda anka koro a 1969. Ina yaro shina son ba ni labari da dare, ni kuwa ina gudu wurin abokai. Ya rasu ina makarantar horon malamai. Abin da ya rage mani nashi akwatin ƙarfe ne da wata takarda da ta ci rabi. Yau in ɗana ya tambaye ni wace hanya kakanmu ya bi, da wa ya tafi, me ya sayar, sai in yi shiru.

Daren da munka komo daga Tawa na je ɗakin innata na zauna bakin gado. Na ce, Inna, ba ni labarin aikin duwatsu. Ta yi dariya ta ce yau kuma me ya same ni. Sai ta fara. Ta faɗi sunan kowane tudu da sunka yi aiki, da yadda take goye da yayata tana ɗaukar dutsi, da yadda ake auna masu abinci, da matan da sunka yi aiki tare, waɗanda ke raye da waɗanda sunka rasu, da yadda maza sunka watse biɗa anka bar mata da gari. Ba mu tashi ba sai tsakar dare. Na cika shafi 11. Shekaruna talatin da wani abu ina gida ɗaya da wannan tarihi, sai da na je jami'a anka nuna mani ƙofar ɗakin uwata.

ABIN DA NIKE ROƘON TARO

Saboda haka ina kawo ma taro shawarwari 8. Ku duba, ku gyara, ku yanke.

1. Kowace unguwa da kowane ƙauye na ƙasar Garhanga a rubuta sunayen tsofaffin da sunka haura shekara 70, maza da mata, manoma, maƙera, malamai, makiyaya, maroƙa, ungozomai. A fara da waɗanda sunka fi tsufa da marasa lafiya. Wannan ba shi jiran baɗi.

2. Bayan an kai amfanin gona gida, mushe-mushe da ɗalibanmu na kwaleji da lise da jami'a su raba kansu biyu biyu, su bi tsofaffin ga da kaye da salula. Mata su je wurin mata. A je da goro da ladabi, a zauna ƙasa, a nemi izini kafin a ɗauki murya.

3. Tambayoyi su zama iri ɗaya ga kowa: daga ina gidanku ya taso, ina kunka fara zama, wace rijiya, wace yunwa ka gani ko ka ji, me anka ci, ina ka yi biɗa, da wa, wace shekara ko zamanin wane sarki ko wane kumandan, wace sana'a ta ɓace da ka san yadda ake yinta.

4. A rubuta da Hausa, yadda mai magana ya faɗa, da boko ko da ajami. Bisa kowane labari a sa sunan wanda ya ba da shi, da garin, da ranar. Labarin da ba shi da mai shi jita-jita ne.

5. In gida biyu sunka ba da labari biyu da sunka saɓa, a rubuta duka biyun gefe da gefe. Mai rubutu ba alƙali ba ne. Kada shi zaɓa, kada shi ƙara gishiri don gidansu.

6. Taro shi yi alkawari gaban malamai cewa kayen ga ba za a kai su gaban shari'ar gona ba, ba za a yi neman sarauta da su ba, ba za a hana ma kowa aure da su ba. Abin da ya shafi asalin wani gida ta wajen bauta ba a karanta shi cikin taro, ba a buga shi cikin takardar ga, sai in mutanen gidan da kansu sunka so. Rikicin gona na da inda ake kai shi, wurin sarakuna da hukuma, da shaidunshi.

7. Tsofaffin takardu da ke cikin akwatuna, rasit na lanho, katin aiki na Gana ko Abijan, wasiƙun ajami, hotuna, a ɗauki hotonsu da salula nan take, a maida ma mai su abinshi a hannu. Kada kowa shi tafi da takardar wani da sunan aro.

8. Ku da ke wurin biɗa, aikinku biyu ne. Na farko, kowa shi aiko jika ɗaya wurin ma'ajin ƙungiya don sayen kaye da kuɗin mota, a buga lissafin cikin takardar ga kowa shi gani. Na biyu, ku ma tarihi ne. Akwai tsofaffinmu da sunka tsufa can, sun fi shekara 40 ba su zauna gida ba. Ku je ku same su, ku ɗauki muryarsu, ku aiko ta WhatsApp. Kai ma da ka ratsa hamada bisa Hilux, faɗi naka tun kana tune da sunayen wuraren.

In aikin ya taru sai a yi kwafi uku: ɗaya gida, ɗaya wurin biro, ɗaya mu kai Yamai cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, inda ake ajiyar tsofaffin takardun Larabci da ajami. Kowace fitowa ta takardar ga kuma a ware shafi ɗaya don labari ɗaya, a karanta shi fada da dandali da gidajen baƙi can inda kuke. Ni kuma na ɗauki alkawarin duk sati zan ba ƴan ajina tambaya ɗaya su kai gida. Shafuffuka 11 na innata, da izininta, su ne na fara miƙa ma biro yau.

Iyayena, kun fi ni sanin cewa cikin waɗanda sunka zauna taron ga bara akwai waɗanda yau sai addu'a. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an ɗebe ta tun tana nan. Baba ya ce shi a fara da shi, ranar da anka shirya shina gida bayan la'asar. Ina roƙon mutum biyu su ba da sunansu kafin mu watse.

Ina godiya ga malamin da ya sauko tabarma, da hukumar jami'a da ta buɗe mamu ƙofa, da ɗiyanmu ɗalibai, da waɗanda sunka ciyar da mu. Wanda maganata ta ɓata ma rai shi yafe mani, ban nufi kowa ba. Allah shi jiƙan magabatanmu, shi ba tsofaffinmu lafiya da tsawon rai, shi ba mu damana mai albarka, shi tsare matafiyanmu, shi zaunar da ƙasarmu lafiya, shi haɗa kanmu.